Zan shiga kwale-kwalen roba a Kogin Nilu karo na farko: in tafi da waya ko in bar ta a masauki?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga kwale-kwalen roba a kogi mai gudu da duwatsu, da kuma waɗanda suka fi ni sanin harkar ɗaukar hoto. Ƙanena yana karatu a Yuganda, kuma in Allah ya kai mu zan je bikin kammala karatunsa a madadin iyayenmu. Shi da abokansa sun shirya cewa bayan an gama biki za mu tafi Jinja, garin da Kogin Nilu yake fita daga Tafkin Biktoriya, mu wuni muna gangarawa cikin kogin a irin kwale-kwalen nan da ake hura wa iska. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, iyakar sanina da babban ruwa shi ne Tiga da aka taɓa kai mu muna makaranta, kuma iyon ma ban iya shi yadda za a ce na iya ba.

Inda muka sami saɓani da ƙanen nawa shi ne batun waya. Na je Farm Centre na yi cinikin jakar robar da ake saka waya a rataya a wuya don kada ruwa ya shige ta, har wani mai shago ya nuna mini ƙaramar kyamarar GoPro da ake ɗaurawa a hular kwano. Da na faɗa masa sai ya ce kada in ɓata kuɗina, in bar wayar a masauki in shiga ruwa da idona da kunnena kawai. Ni kuwa ina ganin tafiya ce da za ta ci kuɗi mai yawa, ba lallai in sake samun damarta ba, ga Hajiyarmu da za ta so ta ga inda 'ya'yanta suka je, ga abokan kasuwa da ba za su yarda na shiga irin wannan ruwa ba sai sun gani da idonsu. Shin da gaske ɗaukar hoto yana rage wa mutum daɗin abu, ko kuwa magana ce kawai ta 'yan boko? Kuma akwai hatsari a riƙe waya a irin wannan wuri?

Tsohon Ɗalibin Mbale ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a karatun ƙanenka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Na yi karatu a Mbale, kuma a wannan ruwa na Jinja na fara shiga kwale-kwale a rayuwata, ni ma kuwa ɗan cikin gari ne da bai san komai game da kogi ba. Ƙanenka yana da gaskiya, kuma dalili na farko shi ne hannu biyu gare ka, kowanne da aikinsa tun daga shiga har fita.

Kafin a saka ku a ruwa za a ba kowa rigar ceto da hular kwano da filafili. Jagoran da yake zama a bayan jirgi yana juya shi zai koya muku cewa hannu ɗaya ya rufe kan filafilin kada a sake shi ko kaɗan, domin kan filafilin da aka saki shi ne yake fasa wa na kusa da kai baki. Zai koya muku tuƙi gaba da tuƙi baya, da kuma umarnin da ya fi kowanne muhimmanci, wato a durƙusa cikin jirgi a kama igiyar da ta kewaye shi. A inda ruwa yake kwance za a kifar da ku da gangan don a ga yadda kowa zai yi. Za a ce in ka faɗa ka kwanta rigingine ka miƙe ƙafafunka wajen da ruwa yake tafiya, kada ka yi yunƙurin miƙewa tsaye, domin ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. Abin da aka rataya a wuya da igiya ma yana iya sarƙewa da jirgi ko da filafilin wani, shi ya sa jagorori ba sa son ganin irin jakar da ka yi ciniki. An kasa ƙarfin gangaren ruwa zuwa mataki 6, kuma a Jinja akwai waɗanda suka kai mataki na 5. A wani gangare da ake kira Itanda akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin jirgin masu yawon buɗe ido, dole ku fito ku zagaye ta tudu sannan ku koma ruwa a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tun kafin ka ga gangaren za ka ji shi. Ruwan da kuke kai yana kwance lumui, amma daga gaba ana jin rugugi kamar ana juye tifar duwatsu ba a dainawa, sai ka duba ka ga kogin ya yanke a wani layi, babu abin da ake gani bayansa sai feshi yana tashi. Wani Bature da yake kusa da ni, wanda tun a mota bakinsa bai huta ba, a nan ya yi tsit. Ni kuma na ji bakina yana maimaita addu'ar shiga jirgi da aka koya mana a Islamiyya, ba tare da na yi niyyar fara ta ba. Da jirgin ya kife ban san sama ba ban san ƙasa ba, ruwan ya koma fari fat sannan ya yi duhu, rigar ceto tana ja na sama, na taso na tarar ina ƙarƙashin jirgin, na lalubi gefensa da hannu yadda aka koya mana na fito. Wani saurayi ɗan ƙasar ya iso a ƙaramin kwale-kwalensa na mutum ɗaya, na kama maƙalar bayansa ya ja ni. Ruwan kuma ɗumi gare shi, abin da ban yi zato ba. Da aka jawo mu cikin jirgi ɗaya bayan ɗaya sai dariya ta ƙwace wa kowa, mutanen da ba mu san sunan juna ba da safe muna dukan kafaɗar juna.

Tsakanin gangare da gangare akwai dogon kwantaccen ruwa. A nan aka yanka mana abarba muka sha, muka sauka muna shawagi a gefen jirgi, ga tsari yana shan hantsi a kan dutse, ga mikiya mai farin kai da take kamun kifi tana kuka daga kan bishiya, yara suna ɗaga mana hannu daga gaɓa. Wanda yake da waya a hannu a wannan lokacin duba abin da ya ɗauka zai tsaya yi.

A jirginmu akwai wani da ya ɗaura irin kyamarar da aka nuna maka. Kowane lokaci hannunsa yana kan hula yana tambayar na kusa da shi ko jar wutar tana kunne, har sai da jagora ya yi masa tsawa saboda ya bar tuƙi a daidai inda ake bukatar kowa. Da yamma muka kalli abin da ya ɗauka, yawancinsa kumfa ce da bayan rigar wanda yake gabansa da sararin sama. Taura biyu ba ta taunuwa, Malam. Ni hoton da nake da shi na mai hoton kamfanin da ya shirya tafiyar ne, an ɗauke ni baki buɗe, kuma duk lokacin da na dube shi abin da yake dawo mini shi ne rugugin nan da ɗumin ruwan, waɗanda ba su cikin hoton.

Mai Hoto daga Fagge ya amsa:

Ɗan'uwa, ni hoto ne sana'ata, da shi nake ciyar da iyalina, saboda haka ba zan goyi bayan a raina shi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma Hajiyarku tana da hakkin ta gani. Wannan kogin da za ka je ma shaida ne. Madatsar ruwan Bujagali da aka kammala a 2012 ta shanye gangaren da a da shi ne abin alfaharin Jinja, sannan ta Isimba da aka buɗe a 2019 ta shanye wasu a ƙasa. Wanda yake son ya san yadda wurin yake a da, sai dai ya nemi hoto. Haka mu ma a nan, tsofaffin hotunan ganuwa da ƙofofin gari su ne suke nuna wa yaranmu abin da babu shi yanzu. In da kowa ya ce shi kallo kawai zai yi, da ba a bar mana komai ba.

Amma zan faɗa maka abin da sana'ar ta koya mini. Ranar Hawan Daushe in ina aiki a Ƙofar Kudu, ba na ganin hawan. Ina lissafin haske, ina neman inda ƙura ba za ta rufe mini doki ba, ina kare kyamara daga turereniya. Da daddare sai in ji yarana suna ba da labarin wani mahayi da ya yi jafi ya tsayar da doki cak, ni kuwa da na ɗauki hotonsa ban san an yi ba sai da na duba. Ni an biya ni don in rasa wannan kallon, shi ya sa ba na jin zafi. Abin da yake ba ni mamaki shi ne 'yan kallo da suka sha rana tun azahar, in Sarki ya iso kowa ya ɗaga waya sama yana kallonsa ta ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba, alhali ga shi nan a gabansu.

Shawarata ita ce a raba aiki. Kamfanonin da suke shirya wannan tafiya suna da nasu masu hoto da suke riga ku isa su tsaya a kan dutse ko a gaɓa, kuma daga can ne ake samun hoton da ya nuna jirgi gaba ɗaya yana shiga cikin igiyar ruwa. Ka tambaya tun kafin ku biya ko kuɗin hoto yana cikin kuɗin tafiya, in ba ya ciki ku haɗa kuɗi ku saya tare. Ta fuskar aiki ma wayarka ba za ta ba ka abin da kake so ba. Jakar roba tana yin gumi daga ciki, fuskar waya ba ta jin taɓi in ta jiƙe, ɗigon ruwa ɗaya a idon kyamara ya isa ya ɓata hoto, sannan ita waccan ƙaramar kyamarar tana buɗe fili sosai har igiyar ruwan da ta fi ka tsawo ta fito ƙarama. Abokan kasuwarka za su gani su ce ashe wannan ne abin da kake kuri a kai. Ka yi naka hoton a tudu, kai da ƙanenka sanye da rigar ceto kafin ku shiga, da kuma bayan kun fito a jiƙe, wannan shi ne wanda Hajiya za ta fi so. Kuma ko da waya tana hannunka, matan da suke wanki da wanka a gaɓa ba kayan ado ba ne, ba a ɗaukar su ba tare da izini ba.

Malama daga Kabuga ta amsa:

Malam, tambayarka ta farko masana halayyar ɗan'adam sun gwada ta, kuma amsar ba ta tsaya gefe ɗaya ba. A 2014 aka buga binciken Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka, wadda ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan fasaha, ta ce su ɗauki hoton wasu kayayyaki, wasu kuma su tsaya su kalla kawai. Washegari da aka gwada su, sun fi tuna waɗanda suka kalla da ido, da siffarsu, fiye da waɗanda suka ɗauka. Bayanin da aka bayar shi ne mutum in ya danna kyamara sai zuciyarsa ta saki abin, ta bar wa na'ura ajiyarsa. Sai dai a cikin binciken an ga cewa waɗanda suka matso da kyamara suka nufi wani ɓangare na abin da gangan ba su yi wannan asarar ba, domin sun kalla da kyau kafin su danna.

A 2016 kuma Kristin Diehl da Gal Zauberman da Alixandra Barasch sun fitar da sakamakon da ya yi kama da kishiyar wannan, wato ɗaukar hoto yana ƙara wa mutane jin daɗin abubuwa irin su zagayen gari a mota ko cin abinci, saboda yana sa su mai da hankali. Amma sun gano cewa wannan ƙarin ba ya samuwa in abin da ake yi shi kansa ya riga ya ɗauke hankali da hannu, ko kuma in ɗaukar hoton tana kawo cikas. Tuƙin jirgi a gangaren ruwa kuwa babu abin da ya fi shi cika waɗannan sharuɗɗa biyu. Daga baya, a 2018, su ukun sun nuna cewa wanda yake ɗaukar hoto da niyyar nuna wa jama'a ba ya jin daɗin abin kamar wanda yake ɗauka don ajiyar kansa, domin hankalinsa yana komawa ga yadda za a gan shi.

Wannan na ƙarshen shi ne nake so ka duba, domin a tambayarka ka ambaci mutane iri biyu, Hajiya da abokan kasuwa. Hoton da za a kai wa uwa ɗaya ko biyu ya isa, ba ya cin lokaci. Wanda ake yi don a rufe bakin majalisa shi ne yake sa mutum ya wuni yana tunanin WhatsApp alhali yana tsakiyar Nilu. A ganina wannan nauyin ne ƙanenka yake so ya sauke maka, ko da bai faɗa da waɗannan kalmomi ba.

Dattijo daga Gwammaja ya amsa:

Ɗana, ni ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya, kuma abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne cewa ba ka iya iyo sosai ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mu a Kano ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, kuma wannan kwantaccen ruwa ne. Wasu likitoci a Indiya sun tattara labarin mutanen da suka mutu wajen hoton ɗauki-kanka tsakanin Oktoban 2011 da Nuwamban 2017, suka sami mutum 259 a duniya, kuma nutsewa a ruwa ita ce ta fi cin rayuka a cikinsu, akasarinsu samari. Saboda haka ka faɗa wa jagoranku gaskiyar iyawarka tun a tudu, ba abin kunya ba ne. Ka tambaya ko akwai jirgin da yake bin hanya mai sauƙi, ka tabbata rigar ceton ta kama jikinka yadda in an ja ta sama ba za ta zame ba. In ka dawo kuma ka ga jini a fitsari ko zazzaɓi ya kama ka bayan 'yan makonni, ka je asibiti ka faɗa musu ka shiga kogi, domin akwai tsargiya a ruwan wannan yanki.

Game da hoto kuwa, mahaifina yana cikin waɗanda suka je aikin Hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa. Bai dawo da hoto ko ɗaya ba, amma har ya rasu muna zama a zaure yana ba mu labarin ƙauyukan da suka yi ƙwadago don samun guzuri, da ɗanɗanon ruwan rijiyoyin hanya, da yadda jirgin ya riƙa tangaɗi da su. Yanzu ina ganin alhazai suna dawowa da waya cike da hoto, in ka tambaye su yaya Arfa sai su miƙo maka wayar. Ina tsammanin Hajiyarku za ta fi son ka zauna a gabanta ka ba ta labari da bakinka. Kuma kafin komai ka sanar da ita irin ruwan da za ku shiga, ka nemi yardarta da addu'arta, kada ta sani sai bayan an yi.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi wa Hajiya bayani kamar yadda kuka ce, ta amince da sharaɗin mu bi hanya mai sauƙi in an ga ba zan iya ba. Na fasa sayen kyamarar, za mu sayi hoton kamfani. Saura abu biyu da nake son wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini da su. Ina saka tabarau na ƙara gani, in na cire ba na hangen nesa, sannan yaya kuka yi da sallar azahar tunda wuni ake yi a ruwa?

Tsohon Ɗalibin Mbale ya amsa:

Malam, tabarau kam kada ka cire, domin in ba ka gani babu amfanin zuwan. Ka sa masa igiyar da take kama shi ta ƙeya, ka ɗaure sosai kafin ka saka hular kwano, kuma in kana da tsoho ka tafi da shi ka bar mai kyau a masauki. Ka sa wando mai sauƙin bushewa wanda ya rufe gwiwa da riga mai dogon hannu, domin Jinja tana dab da layin da ya raba duniya biyu, ranar wurin tana ƙona fata ko da kana jin sanyin ruwa. Silifa kuma ruwa zai tafi da su tun a gangaren farko. Batun salla, mu a matsayinmu na matafiya mun haɗa azahar da la'asar bayan mun fito, amma ka tambayi malaminka tun kana gida don ka tafi da natsuwa. Busassun kaya da waya da fasfo duk a motar kamfani ake barin su, ita take zagayawa ta tarye ku a inda za ku fito, sai ka saka darduma ƙarama a cikin jakarka.